Rimorkin da Ya Dafa Min Iri

Shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta da guga biyu a cikinta, damina uku ke nan bayan rasuwar maigidana, saura damina ɗaya a ja mana wuta zuwa bakin masallaci, a shekaran nan ce ɗana na fari ya jawo rimorki daga Yamai. Akwati ne na ƙarfe a kan taya biyu, rufaffe ruf, da ƙofa ɗaya a baya, mutum na iya tsayawa a ciki in ya ɗan sunkuya. Ya ɗaure shi a gindin tsohuwar motatai, ya shigo Filinge da shi shina kaɗa kai kamar saniyar da ba ta son kasuwa.

Niyyatai biyu ce. Da rani shi riƙa loda buhunan wake da hatsi shina kai su kasuwar Tabla da ta Damana. Da kaka kuma shi zama ɗakina a gonar daji, don ya ce gwiwoyina sun gaji da kwanan bukka.

Ni kuwa abin da ke kai ni gonar daji duk kaka ɗaya ne, zaɓen iri. Hatsinmu ba irin na kowa ba ne. Zangarniyatai doguwa ce, tana da gashi mai tsini wanda ke soke bakin tsuntsu, ga shi ba shi tsoron ƙasa mai rairayi. Uwar maigidana ta zo da shi daga gidan ubanta a cikin ƙwarya. Ita ta koya min yadda ake shiga gona kafin maza su sa wuƙa, a bi kara ɗaya ɗaya, a taɓa, a murza, a yanke wadda ta cika har wutsiya a bar sauran. Shekara ta fi arba'in ina yi, ba a taɓa rasa iri a gidanmu ba, ko a shekarun da mutane sunka ci nasu don yunwa. Ba yabon kai ba ne. A tambayi duk wanda ya san mu a ƙasar Kurfai.

Sai dai akwai wani abu tsakanina da ɗan nan. Ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunanai ba, ban taɓa zama na dube shi ido cikin ido na ce mishi yi kaza ko bar kaza ba. Kakatai ta yaye shi, ita ta raine shi. Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi. In ina da magana sai in faɗa wa matatai, ko in faɗa wa akuya in na ga shina kusa. Ga shi yanzu da furfura a gemu, amma in ya shigo tsakar gida ni dai sai in sami abin tsincewa a faifai.

Da anka fara aikin rimorkin, wani mai walda na bayan tasha ya ɗauka. Kwana goma sha wani abu ana yanka ana liƙi. Sunka yi gado na ƙarfe mai naɗewa a jikin bango, a ƙarƙashinai akwati mai marfi. Sunka kafa ƙugiyoyi na ɗaure buhu, da wurin aje bidon ruwa, wato jarka. Sunka yanka taga ɗaya, ba ta fi faifai ba, sunka toshe ta da gilashin tsohuwar mota wanda ba shi buɗuwa. Duk wata kafa da iska za ta iya bi sunka cusa mata roba, wai don kada ruwan sama shi taɓa kaya. A ƙarshe sunka shafe shi da fenti shuɗi mai duhu, har rufin.

Na je na gani sau ɗaya, da hantsi. Na sa hannu a jikin ƙarfen na janye da sauri. Mai waldan ya taso shina share zufa, shina jiran yabo. Na tambaye shi ko shi zai iya kwana a ciki. Ya yi dariya ya ce:

"Inna, ai ni ƙera nike yi, ba ni kwana a ciki."

Na ce na gani.

Da na dawo gida na kira matar ɗana, na zaunar da ita, na faɗa mata dalla dalla. Na ce ɗaki numfashi shike yi kamar mutum. A yanka kafa a ƙasa inda iska za ta shiga, a yanka wata a sama inda za ta fita. A ɗora zana a kan rufin, a bar tazarar hannu tsakaninta da ƙarfe. In ba haka ba, na ce, abin nan tukunya ce, duk abin da anka sa a ciki sai ya dahu. Ta ce to Inna, to Inna.

Yarinya ce ta kirki, amma ita ma tana da nata nauyin baki. Daga baya na ji yadda ta kai saƙon. Wai Inna ta ce Allah shi sa albarka, aiki ya yi kyau, sai dai ko za a ɗan ƙara iska. Washegari sai ga ɗana da 'yar fanka mai aiki da batir, girmanta kamar marfin tukunya, ya ɗaure ta a saman gadon. Na tsaya kusa da akuya na ce mata wasu mutane na kaɗa zafi da zafi suna kiran shi iska. Ya ji, ya yi murmushi, ya ɗauka wasa nike.

Kaka ta yi, munka tafi gonar daji, can wajen iyakar Tondikandiya. Hanyar rairayi ce, sau uku rimorkin na nutsewa, sau uku ana sauke kaya ana turawa, tafiyar da amalanken jaki ke yi ba tare da an roƙe shi ba. Munka isa anka kafa shi a gindin wata ƙaya marar inuwa. Kwana ɗaya na yi a cikinai. Daga ranan nan na shimfiɗa tabarmata a ƙarƙashin rimorkin, tsakanin tayoyin, can ne kawai iska ke bi. Matan maƙwabtan gona sunka riƙa zuwa kallo, suna cewa ga tsohuwar da anka saya wa ɗaki ta zaɓi gindinai.

Na dai yi aikina. Kwana tara ina bin kara, na haɗa dami huɗu na iri, masu kyau kamar ba a taɓa yi ba.

A nan ne na yi nawa kuskuren, kuma ba zan ɗora shi a kan kowa ba. Da, iri a rumbun kara nike aje shi, a can sama, in barbaɗa toka, iska na ratsa shi har ruwa shi sauka. Shekaran nan gara ta ci ƙafafun rumbun, ɓeraye sun sami hanya. Sai ɗana ya aiko matatai da wani ɗan makulli a zare. Ya ce akwatin ƙarƙashin gado ya sa mishi kwaɗo, ba ɓera ba ɓarawo, nawa ne ni kaɗai, in sa irina a ciki. Ni da ban taɓa riƙe makullin komai ba a duniya. Na rataya shi a wuya, na ji shi da sanyi a ƙirji, na ji daɗi. Ni da bakina na ce abin tukunya ne, amma na sa anka sussuke irin, na zuba shi a buhu, na kulle shi a ciki. Na ce wa raina ai hatsi ba mutum ba ne, ba shi jin zafi.

Rani duka rimorkin na yawon kasuwanni. In ya dawo a tsayar da shi a ƙofar gida, a fili, ranar bazara na dukan shi tun safe har la'asar. Bidon ruwan nan kuma ashe shina ɗiga kaɗan kaɗan, jiƙar na bin ƙasan ƙarfen tana shiga akwatin. Ban buɗe ba ko sau ɗaya. Ina dai shafa makullina ina nuna wa baƙi.

Da ruwan shibka ya sauka na buɗe. Wani wari ya fito, kamar na ƙullun da ya kwana. Ƙwayar na nan, ba ta ruɓe ba, amma ta yi duhu, ba ta da ƙyalli. Na sa ɗaya a haƙori na ji ta mutu. Duk da haka na zuba shi a ƙwarya na fito da shi. Maza sunka tafi da sungumi, munka bi su muna zubawa muna takewa. Kwana huɗu, gonakin mutane sunka yi kore. Kwana shida, tamu sai ɗan tsiro nan, wani can nesa, ka ƙirga su da yatsu. Ɗana ya tsaya a tsakiyar gona shina tonon rami da yatsa shina duba ƙwayar. Ya ce wa matatai, da ƙarfi yadda zan ji, ko dai idon Inna ya fara gajiya wajen zaɓe.

Ban san lokacin da na juya ba. Na dube shi a fuska, karon farko tun shina jariri.

"Kai, idona lafiya lau. Akwatinka ya dafa shi. Na faɗa, ba a kawo maka saƙon ba. Ni kuma na sani na zuba."

Matatai ta sa gefen zane ta rufe baki. Shi kuwa ya durƙusa a kan rairayi, mutum mai jikoki, ya ce:

"Inna, da kin ce min."

Na ce ga shi na ce.

Saura iri. Ya ce a kasuwa akwai, har da wanda ma'aikatan gona ke rabawa mai saurin nuna. Na ce shi shibka abin da ya ga dama a nashi gefen, ni hatsin uwar mijina nike nema. Mutum ɗaya ta rage da shi a duniya, ƙanwar maigidana da ke aure a Damana. Shekaru da dama da sunka wuce ta roƙe ni, na ba ta ƙwarya ɗaya ina yi mata gori, ina cewa a hannunta ba zai kai kaka biyu ba. Wagga mata ba ta mance magana.

A motar munka je, rimorkin na biye da mu fanko, shina ƙara kamar garwa. Ta fito ta gan mu, ta zagaya shi sau biyu, ta leƙa ciki, ta fito tana fifita da hannu.

"Matarmu, a nan anka toya irin uwata?"

Na ce a nan.

"Wa ya kulle shi?"

Na ciro makullin daga wuya na nuna mata. Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce in sake faɗin maganar da na yi mata ranar da na ba ta ƙwarya ɗaya, don kunnenta ya tsufa, ta mance. Na faɗa. Ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa a gaban surukanta. Sannan ta hau rumbunta da kanta, ta sauko da dami ɗaya da rabi da ta rage don ko shibkar farko ta ƙi. Ta ce ba ni ta ba, uwarta ta ba.

Munka maimaita shibka a makare, rabin gona kawai. Ruwa ya ɗauke da wuri shekaran nan, abin da munka samu bai kai mu bazara ba. Amma na sami dami biyu na iri, shi ne har yau.

Kafin kaka na sa anka mayar da rimorkin wajen mai walda, wannan karon ina zaune a kan kujera a gefe da sandata. Na nuna inda za a yanka a ƙasa, na nuna sama, anka sa raga. Gilashin nan na ce a fasa shi, anka cire shi anka sa marfi mai buɗuwa. Anka kafa ƙarafuna huɗu a kan rufi, ni da mata biyu munka saƙa zana munka ɗora. Mai waldan ya ce in anka hau gudro, wato kwalta, iska za ta kwashe ta. Ta kwashe ta kuwa, sau biyu, kafin mu koyi naɗe ta a ɗaure sai an isa. Shuɗin fentin dai ɗana ya ƙi a taɓa, wai da shi anka san shi a kasuwa. Har yanzu da zafi a ciki. Ina kwana a ciki in hadari ya taso, sauran kwanaki ina ƙarƙashi. Iri kuwa ya koma rumbun kara, na sa anka yi mishi sabbin ƙafafu.

Kunya ba ta dawo yadda take ba. Yanzu in ina da magana ina faɗa mishi, ko da yake bango nike kallo. Sunanai dai ban kira ba, ba kuma zan kira ba.

Mai waldan ya rasu bara waccan. Matan da munka saƙa zana tare, ɗaya ta bi shi, ɗaya na wajen ɗiyarta a Tabla, ba ta gani. Akuyar an yanka ta a sunan jikana. Waɗanda sunka rage sai ni da ɗana da matatai, sai waccan ta Damana, wadda duk kaka sai ta aiko a tambaye ni ko makullin na nan.