Marigayin Da Ke Amsa Kira

Mahaifina baduku ne. Ya taso daga Kano da askarsa da basillarsa ya zauna a unguwar Gwange, cikin ƙasar Barebari, yana ɗinka kube da takalma, har Allah ya karɓi ransa ina da shekara tara. Danginmu duk suna Kano. Saboda haka ranar da za a rubuta ni a makarantar sakandare, 'yan shekaru kafin a ba ƙasar nan mulkin kai, Inna ce ta yafa mayafinta ta raka ni, alhali wannan aikin maza ne.

Shugaban makarantar Bature ne sabon zuwa. Ya koyi Hausa a littafi tun yana cikin jirgin ruwa, yana kuma ji da ita, don haka ya ce ba ya bukatar tafinta. Ya buɗe wani ƙaton littafi, ya tsoma alƙalami a tawada, ya tambayi sunana na yanka, na faɗa. Sai ya dubi Inna.

"Mene ne sunan uba?"

Inna ta kawar da kai wajen taga ta ce, "Marigayi."

Ya sa ta maimaita, ta maimaita. Ya rubuta, ya danna takardar tsotse tawada a kai, ya ce na gaba.

Tun da nake ban taɓa jin sunan Baba a bakin Inna ba. Yana da rai "mai gidan nan" ne, da ya rasu ya koma "Marigayi". Ni ma da nake ɗan fari ba ta kama sunana, "kai wannan" take ce mini. Duk wanda ya sha nonon Bahaushiya, ko ya zauna maƙwabtaka da ita, zai gane cewa kunya ce ta amsa tambayar. Da Baturen ya bar masinjansa ya shigo, da magana ta ƙare a nan. Ni kuwa na zaci tambaya yake ko uban yana da rai, shi ya sa na yi shiru.

Washegari muka yi layi aka fara kiran suna. A makarantar nan ba a kiran yaro da sunansa, sai da sunan gida, irin na Turawa. Malamin aji ya zo kan sunana ya tsaya, ya kai littafin kusa da ido, ya ɗago ya duba mu, sannan ya karanta da ƙyar.

"Marigayi."

Ya sake kira. Ya haɗa da sunana na yanka. Na ce, "Firezan sa." Dariyar da aka yi har ajin da ke maƙwabtaka da mu sai da suka leƙo.

Wani ɗan Konduga da ke zama a bayana, wanda Hausarsa ke fita da nauyin Barbarci, shi ya fi kowa jin daɗin abin. Da safe sai ya tare ni a bakin famfo.

"Marigayi, an tashi lafiya? Ya mutanen can?"

"Ka bar ni."

"To in ka koma ka gaida mini kakata, ka tambaye ta inda ta binne tukunyar."

A filin ƙwallo kuma ihu ake, a ba Marigayi, shi ba ya gajiya. Na yi dambe har na gaji da dambe. Malamin Arabiyya kaɗai ne bai taɓa furta kalmar ba. In ya zo kan sunana sai ya ɗaga kai, ya gan ni, ya sa alama, ya wuce. Wata rana ya riƙe ni bayan darasi ya ce, "Ɗana, suna linzami ne. Je ka a gyara wannan abu."

Na je ofis a makon nan. Na haɗa ɗan Turancin da nake da shi na gaya wa Baturen ma'anar kalmar. Ya yi dariya ta gaske, har da buga tebur. Ya ce kada in damu, sunan gida ba ya bukatar ma'ana, a ƙasarsu akwai masu sunan dila, akwai masu sunan baƙi alhali farare ne tas. Ya ce abin da aka rubuta da tawada ba a kankare shi, in an fara yi wa ɗaya kowa zai zo. Ya ce nan gaba zan yi alfahari da shi, don ba kowa ke da irinsa ba.

Abin da ya sa har yau in na tuna raina yake ɓaci shi ne, ban taɓa ganin mutumin da ya damu da suna kamar wannan Bature ba. Nasa sunan gidan dogo ne, mai harafi biyu iri ɗaya a tsakiya, harshen Bahaushe da na Babarbare duk ba su iya shi ba. Yakan tsayar da mu a rana mu yi ta maimaitawa har sai ya ji ya yi masa. Wani akawu ya taɓa aiko masa da wasiƙa da harafi ɗaya a tsakiyar maimakon biyu, ya mayar da ita bai buɗe ba.

Kowace shekara yana ware darasi guda na tarihi don sunan. Yakan rataye taswirar ƙasarsu ya nuna wani ɗigo can arewa, ya ce daga wannan ƙauye sunan ya fito, kuma a tsohon harshen kakanninsa yana nufin gangaren da tumaki ke sauka su sha ruwa. Ya ce an fara rubuta shi a littafin coci tun kafin kakan kakansa, kuma gidajen da suka rage da shi a duniya kaɗan ne, wasu sun haye Kanada, wasu Ostireliya, duk yana musayar wasiƙa da su. Ina zaune a layi na biyu ina rubuta tarihin gangaren tumakin wasu, a bangon littafina kuwa an rubuta cewa na mutu.

Na yi yawo bayan haka, na ga yadda mutane ke riƙe suna. A Sudan mutum zai jero maka ubansa da kakansa da uban kakansa ba tare da ya ja numfashi ba. A Fort Lamy na ga akawunan Faransa sun mayar da sunan mutum na yanka ya zama na gida, na ubansa ya koma gaba. Da karatu ya kai ni Ingila sai da na hau jirgin ƙasa na je ƙauyen Baturen nan, ba don ƙauna ba. Na shiga maƙabartar cocin. Sunan da aka gasa mu a rana dominsa na same shi a kan duwatsu an sassaƙa shi iri uku, wani da harafi biyu, wani da ɗaya, wani ma da wutsiyar da ban taɓa gani ba. Tsohon da ke share wurin ya ce mini mutanen wancan zamani ba su iya rubutu ba, abin da limamin coci ya ji shi yake rubutawa. Wato su ma wani mai alƙalami ne ya ji da rabin kunne. Bambancin kawai nasu kuskuren ya tsufa ya zama asali.

Amma wannan daga baya ne. A shekararmu ta ƙarshe aka kawo takardun jarrabawa, aka ce sunan da aka cika a ciki shi zai fito a takardar shaida, shi kuma zai bi mutum har kabari. Lokacin an riga an sauke tutar Ingila, amma Baturen yana nan a kujerarsa. Na ce ko za a kore ni, sunan Baba ne zai hau takardar nan. Mutumin da ya ɗinka wa rabin Gwange takalma ba zai ɓace ba don wani ya ƙi kiran masinja.

Malamin Arabiyya ya raka ni ofis. Ya ce ya san mahaifina, ya yi sallar gawarsa, zai rantse. Baturen ya ce a'a. Ya ce ƙa'ida ita ce wanda ya ba da suna ranar farko shi zai zo ya gyara da bakinsa. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, matan nan ba sa kama sunan miji." Baturen ya ce wannan al'ada ce mai ban sha'awa ƙwarai, zai so ya rubuta wani abu a kanta, amma ofis ofis ne.

Na koma gida na sami Inna tana tsince shinkafa a faifai. Ta daɗe da sanin abin da ake kirana. Wata maƙwabciya ce ta kawo mata labari tun shekarar farko, kuma tun ranar kullum sai ta tofa mini addu'a a ka kafin in fita, don ni kaɗai gare ta. Na gaya mata abin da Baturen ya ce. Ba ta ɗago ba.

"Kai wannan, Malam bai isa ba?"

"Ya ce sai ke."

"A rubuta a takarda in dangwala hannu."

"Ya ce da baki."

Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ɗaga mata murya. Na ce kunyarta ce ta jawo mini shekara biyar ana yi mini gaisuwar matattu. Na ce kalma ɗaya ce, ba za ta kashe ta ba. Ta ajiye faifan ta shiga ɗaki.

Da safe na fito na tarar ta riga ta yafa mayafi tana jirana a zaure.

A ofis akwai Baturen, da Malam, da akawu, da masinja, wani dattijo Babarbare. Maza huɗu, da ni ɗanta na biyar. Baturen ya ba ta kujera ta ƙi, ta durƙusa a bakin ƙofa. Ya buɗe littafin nan, ya nemo shafin, ya yi tambayar da Hausarsa da ta ɗan gyaru a shekara biyar.

"To, Uwargida, mene ne sunan mijinki?"

Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Masinjan ya ce a hankali, "Ya, yi haƙuri," wato uwa da Barbarci, ya juya fuskarsa ga bango. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta faɗi sunan. Ni da nake kusa da ita da ƙyar na ji.

"Ban ji ba."

Ta sake faɗa.

"Da ƙarfi kaɗan. Ina so in rubuta daidai, ni ba na wasa da haruffan suna."

Ta faɗa karo na uku, da muryar da ban san tana da ita ba, har akawun ya daina buga tafireta. Baturen ya rubuta, ya karanta mata, ya tambaya ko haka ne. Ta gyaɗa kai. Ya yi murmushi ya ce, "Kin gani? Ba wuya."

Daga makaranta zuwa Gwange tafiya ce mai nisa. Tana gaba ina baya. Da muka isa ta ɗebi ruwa a randa ta kurkure baki, ta shiga ɗaki ta saki labule. Kwana biyu abincina a bakin ƙofa nake samunsa a rufe. Ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta koma ga Allah, ni ma ban sami bakin da zan ba ta haƙuri ba. Fushina da Baturen mai sauƙi ne, ina iya faɗarsa da harshe biyar. Wanda nake yi da yaron da ya tsaya a kan uwarsa yana ce mata kalma ɗaya ce, shi ne ban san da harshen da zan faɗe shi ba.

Bayan watanni takardun shaida suka iso. Na ci jarrabawa da kyau. Akawun ya miƙo mini tawa bai kalle ni ba. Sunana na yanka ne a farko. Sunan Baba na biye, haruffansa daidai, ba kuskure ko ɗaya. A ƙarshe, da manyan baƙaƙe, Marigayi.

Na shiga ofis ban yi sallama ba, na ajiye takardar a gabansa. Ya duba, ya ce ai ya cika alkawari, ga sunan uban nan ya sa a tsakiya. Sunan gida kuwa ba a cire shi, da shi aka san ni a duk takardun makaranta, in ya canza za a ce mutum biyu ne. Ya ce in ina so in je kotu in yi rantsuwa, amma wannan takarda ba a sake buga ta.

A gida Inna ta karɓi takardar da hannu biyu. Ba ta iya boko ba. Ta daɗe tana kallon rubutun, sannan ta ce, "An sa?"

Na ce, "An sa, Inna."

Ta ce alhamdulillahi, ta naɗe ta a tsumma mai tsabta ta sa a ƙasan akwatinta.