Irin Albasar da Ya Ƙi Tsira a Turai

Shekarar da na samu tallafin musayar ɗalibai, wata shida a wata jami'a ta Turai, kowa a gidanmu na Aliero ya yi murna ban da Baba. Bincikena a kan irin albasa ne, malamina na can kuma ya rubuto in taho da na gida a gwada. Namu tun daga kakana ake adana shi. Daga Jega da Maiyama ake zuwa roƙonsa, Baba ya hana.

Da na faɗa masa, sai ya dube ni ya ce:

"Mutanen ga da sunka biya maka jirgi, ba su san ka ba, ba su san ubanka ba. Mi suka so?"

"Ilimi ne kawai, Baba."

Washegari ya miƙo mini iri ƙulle a leda, ba gardama. Da ina da wayo, da tun nan na sha jinin jikina.

A can aka shuka shi a faranti goma sha biyu cikin ɗakin gilashi. Sati biyu, ko tsinke bai fito ba. Na sauran ɗalibai ya yi kore shar, nawa ƙasa zalla. Ni kuwa wajen zato ɗan babana ne. Na sa wa matar da ke ba shukokin ruwa ido, wata dattijuwa mai yawan murmushi. Murmushin me take yi? Me ya sa take daɗewa a kan farantaina? Na ƙudurta a raina ta kwashe nawa ta zuba wani. Na kai ƙararta wurin malamina, na kafe, har aka ɗauke ta daga ɗakin aka mayar da ita wankin kwalabe.

Na shuka ragowar da hannuna, na riƙa ba shi ruwa da kaina. Shi ma shiru. Wata uku ya tafi a banza, na ƙarasa da irin aro, na dawo da rahoton da ni kaina nake kunyar karantawa.

Na iske Baba a gona yana ban ruwa. Na kwashe labari na ba shi, har da na matar. Ya ajiye fartanya.

"Ba ta taɓa shi ba. Ni nis soya shi a kasko kahin in ba ka. Irin kakanka ba shi zuwa inda ban ganin shi."

Raina ya ɓaci. Ban taɓa jin haushinsa irin na ranar ba, amma kunyar kaina ta fi.

Can ya ce, a hankali, "Ka nemi gahwararta. Ka ce mata ni na."

A ranar na rubuta can ina neman ta. Malamina ya amsa cewa ta ajiye aiki tun kafin in baro ƙasar, kuma ba wanda ya san inda ta koma.