Zabin da Kaza Ta Raina

Shekarun baya, a damina ta farko bayan babban farin nan da ya cinye mana awaki kaf, aka kai ni hutun lakwal, wato makaranta, wurin kakata, a wani ƙauye kusa da Dungas. Abin da ya rage mata na kiwo kaza ce ɗaya, baƙa, mai kwanci.

Wata maƙwabciya ta ba ta ƙwan zabi goma sha biyu. Kakata ta zuba toka a kasko, ta jera su, ta ɗora kazar.

"Iya, ba za ta gane ba nata ba ne?"

"Mai kwanci ba ta tambaya, 'yar nan. Amma na zabi sai sati huɗu, ki yi addu'a kada ta gaji."

Ni kuwa na tare a bakin akurki. Nakan kwanta rub da ciki, iskar damina na kaɗa gero a bayan danga, ina ganin garken zabi a raina ya rufe fili har Magariya, ni ce a gaba da sanda. Har sunaye na raɗa wa ƙwai.

Goma suka ƙyanƙyashe, 'yan mitsi-mitsi masu zane a ka. Kakata ta koya mini kama musu gara: a cusa kara da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife a bakin suri, washegari a ɗauko. Ta kuma ja mini kunne kada in sake su sai rana ta shanye raɓa.

Ranar da ta tafi gidan suna da sassafe, na ji suna kuka, tausayi ya kama ni, na buɗe. Kafin hantsi huɗu sun jiƙe sun sandare a cikin ciyawa. Ta dawo ta same ni ina hura musu iska da baki. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwashi sauran ta sa a zaninta, ta zauna kusa da murhu har suka farfaɗo.

Shida suka girma. Lokacin kaka na sake zuwa, ranar da na iso da yamma na ga sun yi fir sun haye gawon ƙofar gida. Kazar ta tsaya a gindi tana kiran su, tana ɗaga kai, tana zagaye. Babu wanda ya sauko.

"Iya, a kamo mata su mana."

"Ƙyale su. Ta kai su inda ita ba ta iya zuwa."

A lokacin haushin zabin na ji. Yau 'ya'yana suna Damagaram da Kano da Yamai, suna ayyukan da ko sunansu ban iya faɗa daidai ba. In sun kira ni a waya mun gama, nakan jima zaune a tsakar gida, kaina a ɗage, ina murmushi ni kaɗai.