La'asar ɗin Baba a Bakin Teku

Ni na matsa sai Baba ya ga teku. An gama kaka, dawa ta shiga rumbu, ƙanena da ke Legas ya ce mu zo hutu. Da za mu hau mota a Kaura, Inna ta ja ni gefe ta ce, "Yadda ka ɗauke shi, haka za ka maido man shi." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji har Legas.

Wurin shaƙatawar da muka je a bakin teku cike yake da rumfunan ganyen kwakwa da kiɗa da mutane rabi tsirara. Baba, manomin ƙauyen Banga da bai taɓa wuce Zariya ba, ya yi ta sunkuyar da kai. La'asar na yi ya ce ba zai yi salla cikin wannan bidiri ba. Ya gangara can nesa, inda yashi ya yi tauri da danshi.

Na ce, "Baba, kun yi kusa da ruwa."

Ya ɗaga kai ya duba sama, gabas da yamma. "Ina hadari? Ruwa ba ya cika sai an yi ruwa. Shekara nawa ina ƙetare gulbi, kai za ka hwaɗa man?"

Gaskiyarsa ce a gida. Gulbinmu da rani jakuna ke kwana a cikinsa. Ni ma da bokona iyakar sanina ke nan. Ya shimfiɗa rawaninsa ya tayar da kabbara.

A raka'a ta biyu ruwa ya lashi gefen rawanin. A ta uku ya tafi da takalmansa. Wani mai gadi ya taho a guje yana busa usur, yana ihu da Turanci wai lokacin cikowar teku ya yi. Amma na san Baba. Kunama ta taɓa harbinsa a sujada, bai katse ba. Me zan ce wa Inna?

Na faɗa ruwan na durƙusa a bayansa, na damƙe rigarsa da hannu biyu. Yana zaman tahiya igiyar ruwa ta buge mu har ƙirji, na ji yashi na zarewa a ƙarƙashin gwiwoyina. Tsoro nake ji, kuma haushinsa nake ji. Sai da ya sallame dama da hagu, sannan ni da mai gadin muka jawo shi tudu.

Ya daɗe yana kallon sama, babu ko ɗigon gajimare. A hankali ya ce, "To, ina anka yi ruwan?"

Ya kama wuyan hannuna. Rabon da ya riƙe ni haka tun ina yaro yana ƙetarar da ni gulbi. Yau ni ne a gaba, shi yana biye ba takalmi, kuma bai sake ni ba har bakin mota.