Mai Lamba Tara na Sintali

Na fara saninsa ne a matsayin mutumin da ya fi kowa wahalar da ni a filin ƙwallo. Ni mai tsaron baya ne a ƙungiyar unguwarmu ta Barade, shi kuma ɗan gaba ne a ta Sintali. Ba shi da tsawo, ƙafafunsa ma sun ɗan gwame, amma in ya juya da ƙwallo sai ka ji kamar ƙasa ce ta zame maka. Ɗan ƙabilar Mumuye ne, iyayensa manoman doya a wani ƙauye wajen Zing. Karatun sakandare ya kawo shi Jalingo, ya zauna a gidan kawunsa.

Bayan an ba mu jiha, garin ya cika da ma'aikata da sababbin ofisoshi, aka kuma kafa kulob mai biyan albashi. An tara samari da yawa a gwaji, mu biyu muna cikin waɗanda aka ɗauka. Shi aka ba shi jesi mai lamba tara. A sansani aka haɗa mu ɗaki ɗaya, a nan na gano cewa mutumin da nake jin haushinsa a fili, a ɗaki ba ya iya minti biyu bai ba ka dariya ba. Hausarsa irin ta garinmu ce, ba ruwansa da namiji ko mace. Ko koci ne sai ya ce masa, "Kin ce mu zagaya fili sau nawa?" Koci ya gyara masa har ya gaji ya bari. Da azumi yakan ɓoye mini nama daga abincinsa na rana don buɗa baki, ni kuma ran Lahadi in tashe shi kada ya makara coci, don barcinsa nauyi gare shi.

A kakarmu ta biyu na karye. Damina ce, filin ya jiƙe, na shiga tare wani ɗan gaba, ƙafarsa ta sauka a kan ƙaurina. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Aka kai ni asibiti, daga baya mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta sa aka maido ni gida aka kira mai ɗori. Ƙashi ya haɗu bayan watanni, amma ƙafar ta tsotse, ni kuma zuciyata ta mutu. Na san an ba wani gurbina. Na daina fita, na daina sauraron rediyo, in abokai suka zo dubiya sai in juya fuska bango kamar ina barci. A hankali suka ɗauke ƙafa, ban kuma ga laifinsu ba.

Shi bai ɗauke ba. Wata safiya bayan sun gama atisaye na ji muryarsa a tsakar gida yana gaida Dada da guntun Fulatancin da ya tsinta. Ya ɗaga labule ya shigo, gumi bai ma bushe masa ba.

"Tashi," ya ce. "Kina kwance kamar buhun masara."

Na ce, "Ka rabu da ni. Ƙafar nan ta gama aiki."

"Wa ya gaya miki? Likita?"

"Ni na gaya wa kaina."

"To ke ba likita ba ne."

Ya sunkuya ya cusa kafaɗarsa a hammatata, ya ɗaga ni. Na zage shi, bai kula ba. Dada tana tsaye a bakin ƙofa, sai ta matsa ta ba mu hanya. Ya ɗora ni a babur ɗin kawunsa, muka nufi kogin Mayo Gwoi. A lokacin ruwa ya janye, yashi ya fito fari. Ya ce in cire takalmi in taka, shi yana riƙe da ƙuguna. Duk takun da na yi sai yashin ya haɗiye ƙafar, in ja ta da ƙyar. Mata masu wanki suna kallonmu, wata ta ce, "Sannu, Allah ya ba da lafiya." Ranar na yi kuka a gaban mutane, shi kuwa ya yi kamar bai gani ba, yana ta ba ni labarin wani alƙalin wasa da usur ya maƙale masa a baki.

Haka ya riƙa zuwa kusan kullum har rani ya yi nisa. Daga riƙe ƙugu ya koma riƙe hannu, daga nan ya koma tafiya da baya a gabana yana tsokanata. Wata rana ya zo da tsohuwar ƙwallo ya gangaro mini ita. Na mayar masa da lafiyayyar ƙafar. Ya ɗauke ta da hannu ya sake gangarowa, ya ce, "Ɗayan." Na tura da mai ciwon, ƙwallon ta tafi a karkace ta faɗa ruwa. Ya yi ihu ya zagaya da gudu hannuwa sama, kamar an ci kofi.

Ban koma kulob ba, ƙafar ba ta ƙara yin ƙarfin da za ta ɗauki wannan aikin ba. Amma na yi tafiya ba sanda, na yi gudu kaɗan-kaɗan. Shi ne ya ja ni wurin hedimastan wata firamare a Kachalla Sembe, ya ce masa ga malamin wasanni ya kawo. Aikin da na yi ke nan har na yi furfura.

Shi kuwa tauraronsa sai hawa yake. A kakar da ta biyo baya babu ƙungiyar da ta zo Jalingo bai taɓa ragarta ba. Yara suka fara kwaikwayon gwamammiyar tafiyarsa a lungu. Wani babban kulob daga kudu ya aiko aka ɗauke shi. Ranar da zai tafi ya zo sallama, Dada ta dama masa fura da nono, ta dafa kansa ta yi masa addu'a mai tsawo da Fulatanci. Bai ji rabinta ba, amma duk inda ta numfasa sai ya ce amin.

Daga nan sai a rediyo muke jin sa. Ran Asabar da yamma mukan taru a shagon wani tela, in mai sharhi ya ambace shi sai shagon ya kaure. In an tashi hutu yakan zo, ya biyo makarantarmu ya buga da ɗalibaina ba takalmi, ya bar su su ƙwace ƙwallo a ƙafarsa ya faɗi yana birgima. An fara maganar za a kira shi sansanin 'yan wasan ƙasa.

Ina cikin fili da yara wata Talata kawunsa ya zo a babur. Bai sauka ba, ya ce in zo. Ya ce abokina ya yanke jiki ya faɗi a wurin atisaye, babu wanda ya taɓa shi, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Zuciya ce, in ji likitoci. Bai kai talatin ba, ko aure bai yi ba.

Ni da kawun muka tafi ɗauko shi. 'Yan kulob ɗinsa suka karɓe mu da mutunci, manyan ƙarti suna share hawaye da jesi. A hanyar dawowa na zauna a bayan mota kusa da akwatin, duk inda muka faɗa rami sai in kai hannu in dafe shi. Da muka iso Jalingo, tun daga bakin gari 'yan acaɓa suka biyo mu, masu shaguna suka fito suka tsaya. Musulmi da Kirista muka raka shi har ƙauyensu, aka binne shi a bayan gidan mahaifinsa, kusa da gonar doya.

Bayan mutane sun ragu, mahaifiyarsa ta aiko a kira ni. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune a kan tabarma a gindin mangwaro. Hausarta kaɗan ce, ƙanwarsa ce take fassara mana. Na durƙusa na ce, "Mama, sannu da haƙuri." Ta kalle ni, ta yi magana da yarensu.

Ƙanwar ta ce, "Wai ba ta taɓa ganin yana wasa ba, ko sau ɗaya. Mutane suna ta cewa ya iya, ya iya. Tana so ka gaya mata yadda yake yi."

Na waiga ina neman abin da zai tsaya a matsayin ƙwallo. Sai na miƙe, na ga wani busasshen ƙoƙo a gefen rumbu, na ajiye shi a ƙasa. Na nuna mata yadda yake karɓar ƙwallo da ƙirji, yadda yake kallon hagu ya bi dama, yadda yake tsayawa cak sai mai tsaron baya ya wuce shi ya zube. Na ce mata ni kaina na sha zubewa haka, na kuma zube a gabanta don ta gani. Matan da ke zaman makoki suka tuntsire da dariya, wasu suna dariyar suna kuka. Tsohuwar ta rufe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Da na tashi ina kakkaɓe wando, ta ce wa ƙanwar wani abu.

"Wai ka sake yi," in ji yarinyar.

Na sake yi. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da ɗanta, na kuma gaya mata haka kafin mu kama hanyar Jalingo da la'asar.