Tela a Gaban Rigar Minista

A gidan tarihi, cikin akwatin gilashi, an ajiye rigar da wani minista yake sanye da ita ranar da aka harbe shi. Wani dattijo yana tsaye a gabanta, tef ɗin awo rataye a wuyansa, allura soke a bakin aljihunsa. Ina jin tela ne, irin waɗanda idonsu ya ƙare a kan keke.

Takardar da ke jikin gilashin ta ce kwamitin bincike ya tabbatar harsashi ɗaya ne, daga gaba, daga cikin taron jama'a. Dattijon ko kallonta ba ya yi. Hujin da ke ƙirjin rigar yake dubawa, ido ɗaya a runtse.

Ya ɗora yatsa a gilashin, ya ce wa mai gadi, "Ɗana, dubi zaren bakin hujin nan, waje ya yo. Shekara arba'in ina huda yadi. In ka soka ta gaba, ciki zaren yake shigewa. Ta baya aka harbi mutumin nan, kuma masu tsaronsa ne a bayansa."

"Baba, masana ne fa suka rubuta."

"A cikinsu akwai tela?"

"Ba a taɓa gilashi, Baba."

Dattijon ya janye yatsansa, ya yi godiya, ya fita a hankali.

Mai gadin ya ce mini, "Duk Litinin sai ya zo. Wanda aka kama a cikin taron ɗansa ne. Shekara tara ke nan."

Sannan ya sa hannun riga ya goge shatin yatsan.