Shiƙa da Ƙorya Babu Gero

Shekarun baya, na dawo Madawa daga jami'a ban samu aiki ba tukuna, sai abokina mai aiki a rediyon gari ya roƙe ni in kalli wasannin kwaikwayon da ake yi a gidan matasa, in zo in faɗi ra'ayina a shirinsa. Ya ƙara da cewa 'yan kwamitin da za su zaɓi ƙungiyar da za ta je gasa a birnin Tawa suna sauraren shirin.

A ƙungiyar garin Bangi akwai wata mata mai tuyar ƙosai ranar kasuwa. Ta fito a tsohuwa mai shiƙar gero, ƙoryoyinta biyu babu komai a ciki. Sai da ta ɗebi ƙasa ta saki don ta ga inda iska ta nufa, ta gyara tsayuwa, sannan ta ɗaga ƙorya. Matan da ke layin gaba suka ja mayafi suka rufe fuska, wata har da kakkaɓe wa ɗanta kai. Ni ma na sosa wuya, alhali ko ƙwayar ƙaiƙayi babu.

Amma da na zauna rubutu, tsoro ya kama ni kada a ce mai ilimi ya yi zumuɗi. Na cika takarda da "wataƙila" da "a iya cewa" da "ko da yake". Shiƙar kuwa ban ambace ta ba, don a ganina ba irin abin da malamanmu za su ɗauka da daraja ba ne.

Na je na karanta takardar a shirin. Ina dawowa daga rediyo mahaifiyata, wadda ita ma ta ga wasan, ta tare ni. "Kai, wagga baiwar Allah mi ta yi maka?" Na ce ai yabonta na yi. Ta ce in wannan ne yabo, kada in kuskura in yabi tuwonta.

Washegari abokina ya ce 'yan kwamitin sun ɗauka wasan Bangi bai gamsar da ni ba. Muna cikin maganar sai ga mai ƙosan da kanta. Ta ce, "Ƙanena, na saurare ka har ƙosaina ya ƙone. Na iya ko ban iya ba?" Na buɗe baki na ce, "To, Yaya, a iya cewa..." Ta kama ciki tana dariya.

Na roƙi abokina ya sake ba ni fili. Na shiga ba takarda, na ba da labarin ƙasar da ta saki, da mayafan nan, da wuyan da na sosa. Na ce ban taɓa ganin mai wasa kamarta ba. "Wataƙila" ta zo mini har baki, na haɗiye ta.

'Yan Bangi sun je Tawa. Ba zan ce maganata ce ta kai su ba, 'yan kwamitin ma suna da ido. Abin da na koya dai shi ne taka-tsantsan ɗin da nake ɗauka adalci ne ya kusa cutar da wadda ta cancanta, kuma faɗin abin da idona ya gani ya fi sauƙi. Har yau ban warke gaba ɗaya ba. In na shiga kasuwar Bangi, tun daga nesa take ɗaga matsamin ƙosai tana kira, "Malam A-iya-cewa, zo ka ɗanɗana, amma yau ka faɗi gaskiya."